Aikin Harshe Ba Ya Nufin Mutum Ya Zama Bebe

Mutane da yawa sun ɗauka cewa duk wanda aka yi wa aikin harshe saboda ciwon daji, shi da magana har abada. Wannan tsoron ne ke sa wasu su gudu daga asibiti, su koma jiƙe-jiƙe har ciwon ya ci ƙarfinsu.

Murya daga maƙogwaro take fitowa. Harshe sarrafa ta yake yi zuwa haruffa irin su t, d, l da r. Idan ƙarin ƙarami ne, wurin da ya kamu da ɗan kewayensa ake cirewa. Idan ya yi faɗi, likitoci kan ɗebo fata da nama daga hannu ko cinya su cike gurbin.

Makonnin farko akwai wuya ƙwarai: harshe a kumbure, miyau na zuba, abinci ta bututun hanci. Da kumburin ya sauka, masanin gyaran magana zai zaunar da majinyaci gaban madubi, harafi bayan harafi. Akasarin waɗanda aka cire wa ɓangaren harshe suna komawa magana ana fahimtarsu, ko da furucin ya ɗan sauya.

Gyambon baki da ya kai mako 3 bai warke ba, a nuna wa likita, domin jinkiri ne ke sa yankan ya yi girma.