Gwajin gaggawa na cutar korona: yaushe za a yarda da abin da ya nuna?

Me gwajin yake nema a hancin mutum?

Wanda aka fi sani shi ne ɗan farin allon roba da bai wuce tsawon yatsa ba, tare da tsinken auduga da 'yar kwalbar ruwa. Ana zura tsinken a hanci a jujjuya, a tsoma shi cikin ruwan, a ɗiga a ramin allon, a jira minti 15 zuwa 30. Abin da yake nema wani furotin ne na jikin ƙwayar cutar, wanda ake kira antijin. In ya same shi da yawa, sai layi ya fito a gefen harafin T. Layin da ke gefen C kuwa shaida ce kawai cewa ruwan ya ratsa takardar yadda ya kamata. In bai fito ba, gwajin ya lalace, sai a sake wani.

Gwajin PCR na ɗakin gwaje-gwaje daban yake aiki. Na'ura ce ke ɗaukar ɗan abin da ta samu na ƙwayar halittar cutar ta ninka shi sau miliyoyi har ya bayyana. Shi PCR ko raɗa aka yi yana ji, shi kuwa na gaggawa sai an ɗaga murya.

To, sau nawa yake gano mai ɗauke da cutar?

A shekarar 2022 ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya daga sassan duniya, ta haɗa sakamakon bincike sama da 150 da aka yi kan ire-iren wannan gwaji 49. Ta gano cewa a cikin masu alamun cutar waɗanda PCR ya tabbatar suna da ita, gwajin gaggawa ya kama kusan kashi 73 cikin 100. A cikin waɗanda ba su da wata alama, kashi 55 ya kama. Wato kusan rabinsu sun wuce ba a gane su ba.

Lokacin yin gwajin ma yana da tasiri sosai. A makon farko da fara jin alamu, lokacin da ƙwayar cutar ta fi yawa a hanci da maƙogwaro, ya kama kusan kashi 81. A mako na biyu ya sauko kashi 54. Sannan kamfani da kamfani ba ɗaya ba ne: a cikin masu alamu, akwai nau'in da kashi 34 kaɗai ya kama, akwai wanda ya kai 91. Tun watan Satumba na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gwajin da za a amince da shi sai ya kama aƙalla kashi 80 na masu cutar, ya kuma wanke aƙalla kashi 97 na waɗanda ba su da ita. Da yawa daga cikin waɗanda aka sayar ba su cika sharaɗin farko ba.

In ya nuna ina da ita, in yarda?

In kana da zazzaɓi, tari ko ciwon maƙogwaro, kuma cutar na yawo a inda kake, ka yarda. A nan ne gwajin ya fi ƙarfi, domin a cikin mutum 100 marasa cutar, sama da 99 yake wankewa daidai. Ko da layin T ɗin ya fito dishi-dishi, sai an kai shi wajen haske ake ganinsa, layi ne, muddin ya fito cikin lokacin da takardar kamfanin ta faɗa. Wanda ya bayyana bayan awa ɗaya ba a lissafa shi.

Inda lamarin ke canzawa shi ne idan aka gwada jama'a masu yawa da ke lafiya lau, a lokacin da cutar ta yi ƙaranci. A ɗauka an gwada mutum 10,000, kuma 50 ne kaɗai ke da ita. Gwajin zai kama kusan 27 daga cikinsu. Amma a cikin sauran 9,950, ko da 3 cikin 1,000 kawai ya yi wa kuskure, mutum 30 ke nan aka ce suna da cutar alhali ba su da ita. Kusan rabin waɗanda layinsu ya fito biyu ba gaskiya ba ne. A irin wannan yanayi ya kamata a tabbatar da PCR.

In ya nuna ba ni da ita fa?

Wannan ce tambayar da ta fi damuna, domin a nan aka fi cutuwa. Mutum ya tashi da mura da ciwon jiki, ya yi gwaji da safe, ya ga layi ɗaya, sai hankalinsa ya kwanta ya tafi duba tsohuwar mahaifiyarsa mai ciwon suga. Layi ɗayan nan bai ce babu cuta ba. Abin da ya ce shi ne, a wannan sa'ar, a wannan audugar, ba a samu ƙwayar da ta kai a gani ba. Gobe da yamma tana iya ninkuwa ta fito ɓaro-ɓaro.

Shi ya sa a watan Agusta na 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar cewa mai alamu in ya ga layi ɗaya ya sake gwaji bayan awa 48, wanda kuma ya yi cuɗanya da mai cutar amma ba ya jin komai ya yi sau uku, awa 48 tsakanin kowanne. Ga tsoho ko mai wata cuta a jiki, jiran kwana biyu ma yana iya yin yawa, tunda magani irin Paxlovid cikin kwana biyar na farkon alamu ake fara shi. Irin wannan mutum gara ya ga likita ya nemi PCR kai tsaye.

Hannun mai gwajin yana canza sakamako?

Ƙwarai kuwa. Wanda ya ɗan taɓa bakin hanci ya zare tsinken don yana sa shi atishawa bai ɗebo komai ba. Akwai kuma ajiya: yawancinsu an rubuta a jikin kwalinsu a ajiye tsakanin digiri 2 da 30, don haka wanda ya yini cikin mota a rana ba abin dogaro ba ne, haka ma wanda wa'adinsa ya ƙare. Lokacin da aka yi gwajin gama-gari a birnin Liverpool na Ingila a ƙarshen 2020, kan mutanen da ba su da alamu, kashi 40 kawai na waɗanda PCR ya kama gwajin gaggawan ya gano, ko da yake ya fi kama waɗanda ƙwayar ta yi yawa a jikinsu.

Gwajin jinin yatsa fa, shi ma ɗaya ne?

A'a. Shi garkuwar da jiki ya samar yake nema, ita kuwa sai bayan mako ɗaya zuwa uku take bayyana. Yana iya nuna an taɓa kamuwa ko an yi rigakafi, amma ba ya gaya wa mai zazzaɓin yau abin da ke damunsa.

Babu wanda ya haɗa sauri da ingancin PCR?

Akwai ƙananan na'urori da ake ajiyewa kusa da majinyaci a asibiti. Xpert Xpress na kamfanin Cepheid, wanda ke aiki a na'urar GeneXpert da aka saba gwajin tarin fuka da ita, yana ba da amsa cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma sakamakonsa kusan ɗaya ne da na babban ɗakin gwaji. ID NOW na kamfanin Abbott ya fi shi sauri, amma ya fi shi rasa masu cutar. Sai dai duka biyun suna buƙatar na'ura da wutar lantarki da ma'aikacin da aka koya wa aikin, kuma samfurin da suke iya gwadawa a lokaci guda kaɗan ne.