Ƙera ƙaramin jirgin ruwan yaƙi mai rimot: tambayoyin da na gaji da maimaita amsarsu

Duk wanda ya shigo wannan harka tambayoyi iri ɗaya yake kawo min, har na haddace su. Ga su nan na tara wuri guda. Don Allah a karanta kafin a buɗe gam, domin yawancin ɓarnar da nake gani tun a makon farko ake tafka ta.

Na gama fenti da ado, yaushe zan gwada shi a ruwa?

Ka makara, ɗan'uwa. Gangar jirgi tana shiga ruwa tun tana tsirara, ba fenti, ba bindiga, ba komai a samanta. Ka cika baho, ka sa ta, ka ɗora mata nauyi, ka bar ta awa guda, ka dawo ka shafa cikinta da busasshen tsumma. In ya jiƙe, da sauran aiki. Wanda ya rufe saman jirgi da gam kafin wannan gwaji, da wuƙa zai buɗe shi daga baya.

Mene ne ma'anar 1/200 ko 1/350 da ke jikin kwali?

Ka raba tsawon jirgin gaske da wannan lamba. Yamato na Japan mita 263 ne, a 1/350 ya zama santimita 75, a 1/200 kuma santimita 131 da ɗoriya. Shi ke nan.

To da Yamato zan fara, ko da Bismarck?

Ba ko ɗaya. Kowa da manyan nan yake so ya fara, kuma su ne suka fi ƙarewa a kan kabad ba a gama su ba. Yamato farfela huɗu gare shi, Bismarck na Jamus uku, kowace da sandarta da bututunta da za a daidaita, ga ƙananan bindigogin kakkaɓo jirgin sama da za su cinye maka watanni. Ka fara da jirgi mai farfela ɗaya da faɗin ciki. Ƙananan jiragen rakiya na Ingila na Yaƙin Duniya na Biyu, ajin da ake kira Flower, sun dace ƙwarai. Na gaskensu mita 62 da rabi ne, samfurin 1/72 na kamfanin Revell ya kai kamar santimita 87, faɗinsa wajen 14, hannunka zai shiga ciki ya juya. Mutane da yawa da shi suka koyi aikin, ba abin kunya ba ne.

Roba ko katako?

In karon farko ne, roba. In kana da haƙuri da samfefa, katako, amma ka shafe shi da efoksi, wato gam mai ƙarfi da ke hana ruwa shiga, ciki da waje. Gangar faiba, wato zaren gilashi da aka daskarar da gam, ta fi su ƙwari.

Jirgina yana karkata, wani lokaci kamar zai kife. Nauyi nawa zan sa masa, kuma a ina?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ta da amsa guda da za ta yi wa kowa. Abin da zan faɗa mafari ne, baho ne zai yanke hukunci.

Da farko lissafi. Tsawo ana raba shi da lambar sikeli (wato 200 ɗin da ke cikin 1/200) sau ɗaya, amma nauyi sau uku ake rabawa, domin jirgin ya ragu a tsawo da faɗi da zurfi. Bismarck cike da kaya ya haura tan 50,000 kaɗan. Ka raba da 200, ka sake, ka sake, wato da miliyan 8, za ka samu kilo 6 da ɗan kai. Wannan shi ne nauyin samfurinka gaba ɗaya, da roba da inji da batir da dalma, in kana so ya zauna daidai layin ruwansa, wato inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgin gaske. Irin wannan jirgi ba ya ba da wahala sosai: faɗinsa mita 36 ne, a samfuri santimita 18, kuma za ka tarar sai ka ƙara masa nauyi mai yawa kafin ya zauna, kai ne da zaɓin inda za ka sa.

Matsala tana ga siraran jirage. Ɗauki ajin Fletcher na Amurka, waɗanda aka ƙera guda 175 lokacin yaƙin. Tsawonsu kusan mita 115, faɗi mita 12 kacal. A 1/144 kana da jirgi mai santimita 80 a tsawo, 8 da ɗan abu a faɗi, kuma duk nauyin da aka yarje maka bai cika kilo ɗaya ba. A cikin wannan kilo ɗin ne za ka cusa inji biyu, batir, risiba (mai karɓar siginar rimot), sarbo (ƙaramin injin da ke juya sitiyarin jirgi) da wayoyi. Nan ne mutane ke faɗuwa. Jirgin gaske ginin samansa siririn ƙarfe ne idan aka kwatanta da girmansa, injuna da tukwanen tururi da mai duk suna can ƙasa. A samfuri kuwa robar ginin sama ta yi kauri fiye da kima, sai nauyi ya hau sama, jirgi ya riƙa layi.

Saboda haka dokar farko: duk abu mai nauyi ya kwanta a ƙasan ciki, a tsakiya tsakanin hagu da dama. Batir a kwance, ba a tsaye ba. Ka ɗauki batir a matsayin nauyin daidaitawa, kada ka cika ciki da dalma sannan ka rasa inda za ka sa shi sai sama. Duk giram ɗin da za ka iya cirewa daga sama ka cire: ka rarake cikin ginin sama inda ido ba ya gani, ka guji adon ƙarfe mai yawa a kan dogayen sanduna. Giram goma a ƙololuwa ya fi giram hamsin a ƙasa tasiri a siririn jirgi, ko da yake wannan ya danganta da tsayin wurin.

Ga yadda nake yi. Ina manna siririn tef a jikin gangar daidai layin ruwa, gaba da baya da gefe biyu. Ina sa duk kayan ciki a mazauninsu ba tare da gam ba, in ɗora ginin sama. Sai in zuba ƙananan ƙwayoyin dalma a 'yan jakunkuna, kowace giram 20 ko 50, in riƙa ajiye su ɗaya bayan ɗaya, ina tsugune idona daidai da fuskar ruwa, har tef ɗin ya sumbaci ruwa ta ko'ina. Daga nan in danna gefen jirgin da yatsa ɗaya har ya kwanta sosai, in saki. In ya miƙe nan take, ya yi rawa sau biyu ko uku ya tsaya, lafiya lau. In ya tsaya jim kamar yana shawara kafin ya dawo, kada ka kai shi tafki, iska kaɗan za ta gama da shi.

Sai dai a nan ma akwai saɓani tsakanin masu aikin. Jirgin da aka tara wa nauyi can ƙasa ƙwarai yana zabura ya miƙe da sauri, yana karkarwa a kan ruwa kamar abin wasan yara, ba ya tafiyar ƙasaita irin ta babban jirgi. Wasu sukan ɗaga nauyin kaɗan, ko su raba shi zuwa gefe da gefe, don ya riƙa lilo a hankali. A faffaɗan jirgi irin Bismarck wannan yana yiwuwa, kuma yana da kyan gani. A siriri ban ba ka shawara ba, gara ya yi karkarwa da ya kwana a ƙasan ruwa. Haka batun gaba da baya: nauyin da aka tara a tsakiya yana sa jirgi saurin juyawa amma yana tsalle a kan igiyar ruwa, wanda aka baza zuwa goshi da wutsiya yana sa shi yanka ruwa da natsuwa amma ya yi nauyin kwana. Ni nakan bar mafi yawa a tsakiya, in kai kaɗan ƙarshen biyu, amma wani jirgin yakan ƙi hakan.

In ka yi duk wannan siririn jirginka bai daina layi ba, saura hanya biyu, kowace da aibinta. Ko ka bar shi ya nutse ƙasa da layin ruwansa da milimita uku ko huɗu don ya ɗauki ƙarin dalma, ka san kuwa ruwa zai fi saurin hawa samansa. Ko ka ɗaura masa nauyi a waje, ƙarƙashin ciki, wanda ake kwancewa in za a ajiye shi a kan teburi. Masu tsananin son kamanni ba sa son wannan, amma a cikin ruwa ba mai ganinsa. Kuma ka tuna iska ba ta san sikeli ba, 'yar iskar da ke kaɗa maka riga guguwa ce a wurin jirgin santimita 80.

In ka gamsu, ka kafe dalmar da efoksi. Nauyin da ke yawo a ciki ya fi rashinsa haɗari, domin yana gangarawa ɓangaren da jirgi ya karkata. Ka wanke hannu bayan taɓa dalma, guba ce, kada yara su kusance ta.

Wane inji ne ya fi gudu?

Gudun me kake nema? Jirgin yaƙi kake ƙerawa, ba kwalekwalen tsere ba. Bismarck yana yin kamar kilomita 56 a awa. Don samfurin 1/200 ya tayar da ruwa irin na gaske, da 14 ake rabawa (lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka kusan 200), wato kilomita 4 a awa, tafiyar mutum a ƙafa. Ƙaramin injin lantarki mai burushi, mai juyawa a hankali, ya wadatar. Ka haɗa shi da na'urar daidaita gudu, wadda ake rubuta ESC a jikinta, irin mai iya komawa da baya, domin jirgi ba shi da birki. Ka sa fiyus tsakaninta da batir. Ciyawa za ta naɗe farfela wata rana, fiyus ne zai hana gobara.

Ruwa yana shigowa ta wajen farfela.

Ka cika bututun sandar da giris mai jure ruwa. Ɗigo kaɗan bayan awa guda ba abin tashin hankali ba ne, kowa yana samu. Ka ajiye ɗan soso a ƙasan ciki, ka ɗaga risiba sama da shi.

Rimot yana yankewa in jirgi ya yi nisa.

Eriyarka tana ƙasa da layin ruwa. Siginar 2.4GHz ba ta ratsa ruwa. Ka ɗaga ta cikin ginin sama, nesa da inji da batir.

Bindigogin za su iya harbi?

Ka fara sa jirgin ya tafi ya dawo tukuna. E, akwai ƙungiyoyi, musamman a Amurka, da ke fafatawa da jiragen 1/144 masu harba ƙananan ƙwallayen ƙarfe da iskar gas, jikinsu siririn katakon balsa ne don ya huje, da famfon kwashe ruwa a ciki, kowa a wurin sanye da gilashin kare ido. Wannan fanni ne daban mai dokokinsa. Kada ka ƙirƙiro naka a ɗaki, ido ba shi da sifiya. Juya bindiga hagu da dama da ƙaramin sarbo kuwa abu ne mai sauƙi, in nauyi ya bari.

Wane batir?

Batir mai caji da ake rubuta NiMH a jikinsa, ga mai farawa. Wanda ake rubuta LiPo a jikinsa ya fi sauƙin nauyi, shi ya sa yake ceton siraran jirage, amma ba a barin sa a caji a fita, ba a shanye shi ƙasa da bolt 3 a kowane sel, kuma in ya kumbura an gama da shi. Babban jirgi da ke neman nauyi yana iya ɗaukar batir ɗin dalma rufaffe.

Ya mutu a tsakiyar tafki, in shiga in ɗauko?

A'a. Ko ka iya iyo, a'a. Ba ka san zurfin wurin ba, ba ka san laka da ciyawar da ke ƙasa ba. Kwantar da hankalinka, jirgin da ba ya yoyo ba inda za shi, iska za ta tura shi gaɓa, kai dai ka zagaya ka jira. Ka riƙa tafiya da sandar kamun kifi da ƙwallo ɗaure a bakin zaren, ka jefa ta bayan jirgin ka jawo a hankali. Tun wurin ƙira kuma ka cusa soso mai tasowa saman ruwa, marar shan ruwa, a goshi da wutsiya, wanda zai iya riƙe nauyin jirgin ko ya cika da ruwa, ka gwada hakan a baho da kayan lantarki a cire.