Waiwaye: Yadda jiragen ƙasa na 'yan kasuwa suka tsara Tokyo da Osaka

Baƙon da ya sauka a tashar Shinjuku ta birnin Tokyo yakan ɗauka duk jiragen ƙasan wurin na hukuma ɗaya ne. Ina! A ƙarƙashin rufin nan akwai layukan JR, wanda ya gaji kamfanin dogo na gwamnati, da na Odakyu, da na Keio, ga na ƙarƙashin ƙasa, kowa da ƙofarsa da kuɗin tikitinsa. Ka fita daga na wannan kamfani ka shiga na wancan, sabon kuɗi za ka biya. Tushen wannan tsari ya haura shekara ɗari.

Gwamnati ce ta buɗe layin dogo na farko a Japan a 1872, tsakanin Shimbashi da Yokohama, daga baya masu jari suka shigo. A 1906, bayan yaƙin Japan da Rasha, aka yi dokar da ta mayar da manyan layuka hannun gwamnati, kamfanoni 17 aka saye. Abin da ya rage wa 'yan kasuwa shi ne gajerun layukan bayan gari.

Wanda ya mai da wannan ragowa dukiya shi ne Kobayashi Ichizo, tsohon ma'aikacin bankin Mitsui. Layinsa, wanda yau ake kira Hankyu, ya fara aiki a 1910 daga Umeda a Osaka zuwa Takarazuka da Minoo, yana ratsa gonaki inda babu fasinjan kirki. Maimakon ya zauna jiransu, sai ya samar da su. Ya sayi filaye a gefen dogo tun suna da araha, ya gina gidaje a Ikeda, ya sayar wa ma'aikatan ofis suna biya kaɗan-kaɗan. A ƙarshen layin, a Takarazuka, ya kafa ƙungiyar rawa da waƙa ta mata zalla, wadda ta fara wasa a 1914, har yau kuma tana nan. A 1929 ya ɗora katafaren kanti a kan tashar Umeda. Ka ga mutum ke nan yana kwana a gidan da kamfani ya gina, ya hau jirginsa zuwa aiki, ya yi cefane a kantinsa, ranar hutu ya kai iyalinsa gidan kallonsa.

Saura suka bi sahu. Kamfanin dogo na Hanshin ya gina filin wasa na Koshien a 1924. A Tokyo, kamfanin Goto Keita, wato Tokyu na yanzu, ya ba Jami'ar Keio fili kyauta a Hiyoshi, a gefen layinsa a bayan gari. Ba don neman lada ba: da safe ɗalibai na fita bayan gari a daidai lokacin da ma'aikata ke shiga, jirgi bai komawa wayam.

Amma hukumomi ba su bar waɗannan layuka sun kutsa tsakiyar Tokyo ba. Mafi yawansu a bakin layin Yamanote mai zagaye gari suka tsaya, shi ya sa Shibuya da Shinjuku da Ikebukuro, da can gefen birni ne, suka zama manyan kasuwanni. Fasinja ne ya ɗanɗana kuɗarsa, don dole ya sauka ya sake jirgi. Bayan yaƙin duniya na biyu jama'a suka yi ta kwararowa birni, cunkoso ya kai har ana ajiye ma'aikata masu farin safar hannu suna danna mutane cikin tarago don ƙofa ta rufu.

Sauƙi ya fara zuwa a 1960, lokacin da jiragen kamfanin Keisei suka soma wucewa kai tsaye cikin layin Asakusa na ƙarƙashin ƙasa. A watan Maris na 2013 aka haɗe layin Toyoko na Tokyu da na Fukutoshin na ƙarƙashin ƙasa, yanzu jirgi ɗaya na tashi daga lardin Saitama ya sauka Yokohama a kan dogon kamfanoni har huɗu. A tashar iyaka direba ne ke sauka wani ya karɓa, fasinja na zaune abinsa. A wannan watan ne kuma katunan biyan kuɗi irin su Suica da PASMO da ICOCA suka fara karɓuwa a ƙofofin juna a faɗin ƙasar.

Masu kafa hujja da Japan cewa a sakar wa 'yan kasuwa dogo kawai, rabin labarin suke faɗi. Kamfani bai isa ya ɗaga ƙolin kuɗin tikiti ba sai ma'aikatar sufuri ta amince, kuma kaso mai tsoka na ribar daga filaye da kantuna da otal-otal yake zuwa, a ƙasar da masu ɗaukar aiki suka saba biya wa ma'aikata tikitin zuwa aiki. Gasar ma tana da iyaka: Hankyu da Hanshin, da suka daɗe suna ƙwace wa juna fasinja tsakanin Osaka da Kobe, tun 2006 suna ƙarƙashin uwar kamfani ɗaya.