Waiwaye: Gawar da Ke Noman Rake a Haiti

Duk sanda aka fitar da sabon fim ɗin zombi, sai gardama ta tashi: nishaɗi ne, ko ci gaba da ɓata sunan Haiti, ƙasar da ke yankin Karebiyan, da addininta na gargajiya, vudu? Ruwa ba ya tsami banza.

Farkon labarin sananne ne. Faransa ta tara bayi daga Afirka a gonakin rake na Haiti, suka yi tawaye a 1791, suka kafa ƙasarsu a 1804, sannan a 1825 Faransa ta ɗora musu biyan ta diyyar faran miliyan 150. A wurin jikokin bayin nan, zombi ba dodo ba ne mai cin mutane. Mamaci ne da boka ya tono, ya raba shi da hankalinsa, ya sa shi aiki ba lada. Ko gishiri ba a sa masa a abinci, don an ce idan ya ɗanɗana zai farka. Tsoron shi ne a mayar da kai zombi, bauta ta bi ka har kabari.

Abin da ake tsallakewa shi ne 1916, shekara guda bayan sojojin Amurka sun mamaye Haiti. Aka farfaɗo da wata dokar 1864 da ta wajabta wa ƙauyawa gyaran hanya. Aikin 'yan kwanaki ya koma na makonni. Ana ɗaure manoma da igiya, a kora su nesa da gida, mai bindiga na tsaye a kansu, kamar aikin tilas da aka yi a ma'adinan kuza na Jos. An soke tsarin a 1918, shekarar da aka buɗe wa baƙi ƙofar mallakar fili, abin da aka haramta tun 1805. Baƙin da suka zo suka ga mutane jere, shiru, ido ya faɗa, suna aiki. Suka koma gida da labarin tsafi.

Littafin The Magic Island, mai ɗauke da labarin zombin Haiti, ya fito a 1929, fim ɗin White Zombie ya biyo a 1932, sojojin Amurka suna nan a Haiti har lokacin. A cikin fim ɗin wani lebura zombi ya faɗa injin matsar rake, sauran suka ci gaba da juya shi. Amma hankalin labarin na kan Baturiyar da za a ceto.

Daga 1968, da fitowar fim ɗin Night of the Living Dead, gawar ta koma cin nama, rake da Haiti suka fita daga hoton. Vudu kuwa, wanda Haiti ta amince da shi a hukumance a 2003, har yau da ƙyar ake nuna shi a fim ba tare da boka da kabari ba.