Mene ne gasa jiki gaba ɗaya da haske kafin dashen ɓargo?

A Nima ko Sabon Zongo da ke Accra, idan aka ce an tura wance gashi asibitin Korle Bu, an san abin da ake nufi: na'ura za ta saita wuri guda, mama ko bakin mahaifa, ta yi ta haska shi da hasken radiyeshan har ƙwayoyin cutar kansa su mutu. Haka ake yi a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi. Amma iyalin da aka ce wa ɗansu na buƙatar dashen ɓargo sukan ci karo da wasu haruffa uku a takardar likita: TBI. Shi ma gashi ne, sai dai daga tsakar ka har tafin ƙafa ake yin sa.

Ɓargo shi ke sarrafa jini, kuma yana warwatse cikin ƙasusuwa, don haka kansar jini ba ta da mazauni ɗaya da za a nuna da yatsa. Hasken na bin ta har inda magani ke wahalar shiga, kamar ƙwaƙwalwa da maraina. Yana kuma kwantar da garkuwar jiki don kada ta yaƙi ɓargon da za a dasa. Share gona ne kafin shuka. Likitan Amurka E. Donnall Thomas ya fara haɗa shi da dashe tun shekarun 1950, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1990.

A ganina gwanintar aikin tana wajen rabon hasken. A tazarar mita 1, na'urar ba ta rufe fiye da santimita 40 tsawo da faɗi. Shi ya sa ake juya kanta gefe, a kai majinyaci can jikin bango, mita 3 zuwa 4, inda hasken ya bazu ya game shi. Wasu cibiyoyi a tsaye suke ajiye shi, da ɗan sirdi irin na keke da zai jingina, a haska gaba, a juya shi a haska baya. Wasu kuma a kwance, ta gefen dama da na hagu. A gabansa ana kafa allon roba mai haske don fata ma ta samu rabonta.

To amma wuya da idon sawu ba su kai ƙugu kauri ba. In aka bar su haka, siririn wuri zai sha fiye da kima. Sai a tare su da faifan darma gwargwadon kaurinsu, a manna ƙananan na'urorin awo a fata don a ga abin da kowane sashe ya samu.

Huhu ne abin tsoro. A da, tashi ɗaya ake ba da hasken duka, kuma kumburin huhu ya yi ajalin majinyata da yawa. Yanzu abin da aka saba shi ne girei 12, ma'aunin hasken ke nan, a raba shi kashi 6 cikin kwana 3, safe da yamma, da tazarar awa 6 aƙalla. Ana kuma yanka darma daidai surar huhun mutum a kare shi. Sababbin na'urori suna zagaye jiki ne suna bin hoton sikanin, su tsananta a ƙashi su sassauta a huhu da ƙoda.

Ga masu sikila, wadda ta fi damunmu a zango, lissafin daban ne. Babu kansar da za a kashe, garkuwa kawai ake son lallashi. Inda ake amfani da shi, girei 2 zuwa 4 ne, galibi sau ɗaya. Wasu dashen ma da magani kaɗai ake shirya su.

Shi kansa gashin ba ya zafi, kuma wanda aka yi wa ba ya fitowa da wani haske a jiki da zai cutar da mai jinya. Wahalar tana biyo baya: amai, gyambon baki, kumburin kumatu, zubewar gashin kai. Bayan shekaru ana iya samun yanar ido, ko yaro ya tsaya da girma, dalilin da ya sa ake kauce masa ga 'yan ƙasa da shekara 3 ko 4. Cikakken gashin yakan hana haihuwa, kuma kunya kan sa iyaye su yi shiru a gaban likita. Ajiye maniyyi ko ƙwai kuwa sai kafin ranar farko ake iya yi.