Mene ne EB-1B, kuma me ya sa malaman jami'a 'yan Filifin ke bin ta nan?

EB-1B rukuni ne na katin zama na dindindin a Amurka, wanda aka ware wa fitattun farfesoshi da masu bincike. Kowace shekara Amurka na raba kimanin kati 140,000 ta hanyar aiki, kuma doka ta ƙayyade wa kowace ƙasa kashi 7 cikin 100. Ƙasar haihuwa ake dubawa, ba fasfo ba. Wanda aka haifa a birnin Cebu na Filifin, ko ya zama ɗan Kanada, a layin Filifin yake. Layin EB-3 na Filifin, wato rukunin ƙwararrun ma'aikata, ya daɗe da cunkoso saboda yawan ma'aikatan jinya, shi kuwa EB-1, wanda EB-1B ke ƙarƙashinsa, galibi a buɗe yake. Shi ya sa ake neman wannan ƙofar.

Mutum ba ya nema wa kansa. Jami'a ko cibiyar da za ta ɗauke shi ce ke shigar da fom I-140 a hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, ba tare da an fara tallata gurbin don neman Ba'amurke ba. Ana buƙatar shekara 3 na koyarwa ko bincike, da aiki na dindindin, da hujja 2 cikin 6: babbar lambar yabo, zama ɗan ƙungiyar da sai gwanaye ke shiga, rubutun wasu a kan aikinsa, tantance aikin wasu, sabuwar gudummawa ga fanninsa, ko wallafa littattafai da maƙaloli a mujallun duniya. Idan kamfani ne, sai yana da masu bincike na cikakken lokaci aƙalla 3.

A kan "dindindin" ake yawan faɗuwa. Kwantiragin bincike na shekara 2 bayan digirin dakta, mai ranar ƙarewa a rubuce, da wuya ya wuce. Koyarwar da aka yi lokacin karatun dakta kuwa ba ta shiga lissafi sai an kammala digirin, kuma mutum shi ke riƙe da ajin gaba ɗaya. Sannan cika hujja 2 ba ya wadatarwa, don jami'in zai sake auna takardun baki ɗaya ya ga ko duniya ta san mutumin. Yabo daga tsohon malaminsa na Jami'ar Filifin da ke Diliman bai kai nauyin wasiƙar masanin da bai taɓa aiki da shi ba, amma ya gina bincikensa a kan na mai neman katin. Wannan awon daidai ne, domin shi ke raba sanayya da shahara.

Akwai tarkon bizar J-1, ta musayar ɗalibai da masana. Wanda ya shiga Amurka da ita da kuɗin gwamnati, irin tallafin Fulbright, dole ya koma Filifin shekara 2 kafin a ba shi katin, sai dai in an yafe masa. A duba wannan kafin a kashe ko sisi.

Idan an amince da I-140, wanda ke cikin Amurka sai ya shigar da fom I-485 na neman katin. Na gida kuwa ya cike fom DS-260 na neman biza, ya yi ganawa a ofishin jakadancin Amurka da ke Manila, sannan ya yi rajista da hukumar CFO mai kula da 'yan Filifin mazauna waje kafin ya hau jirgi.