Ƙaurar Neman Rana da Fili a Yammacin Amurka

Ƙaurar neman rana da fili wani salon sauya mazauni ne da ya kankama a Amurka tun daga shekarun 1970, inda mutum yake barin babban birni, ba don neman aiki ba, sai don ya koma kusa da ƙaramin gari mai yawan hasken rana, wanda duwatsu da koguna suka kewaye, jama'arsa kuma masu sassaucin ra'ayi ne, sannan ya mallaki 'yan ekoki a bayan gari. Da farko 'yan fansho ne suka fi yin ta, amma daga 2020 da aiki ta intanet ya yaɗu sai masu matsakaitan shekaru suka shiga sahu. Garuruwan da aka fi ambata sun haɗa da Santa Fe da Taos a jihar Niyu Meziko, Flagstaff a Arizona, Boulder da Durango a Kolorado, Bend da Ashland a Oregon, da Moab a Utah. Da yawansu suna da jami'a ko kwaleji, kuma kusan dukkansu suna maƙwabtaka da filayen gwamnatin tarayya waɗanda kowa yake da izinin shiga ya yi tattaki, ya hau keke, ko ya kafa tanti.

Rana da abin da take zuwa da shi

Yawan rana a waɗannan wurare ɗan'uwan ƙarancin ruwan sama ne, kuma mai neman ɗaya dole ya karɓi ɗayan. Garin Bend yana gabas da tsaunukan Cascade, waɗanda suke tare gajimaren da ke tasowa daga tekun Fasifik, shi ya sa ruwan da yake samu a shekara bai wuce kusan milimita 300 ba, alhali Portland da ke yamma da tsaunukan tana samun fiye da 900. Haka kuma rana ba ta nufin ɗumi. Santa Fe da Flagstaff duk suna bisa tudun da ya haura mita 2,100, kuma dusar ƙanƙarar da ke sauka a Flagstaff takan wuce mita 2 a shekara, sanyin dare kuma yakan ƙone shukar lambu har a watan Yuni. Kirarin nan na kwana 300 na rana da dillalan filaye suke yi wa Kolorado, sai an haɗa har da ranakun da rana ta leƙo ta koma kafin lissafin ya cika. Wanda yake son rana zalla, Yuma ta Arizona ce take da kusan awa 4,000 a shekara, sai dai zafin bazararta yakan kulle mutane a ɗaka, wanda shi ne ainihin abin da mai ƙaurar ya gudo.

Gari dabam, gunduma dabam

Sassaucin ra'ayin da ake yabon waɗannan garuruwa da shi sau da yawa a iyakar gari yake tsayawa. Filin da mutum zai saya yana ƙarƙashin gunduma ne, kuma ita ce take ba da izinin gini, take gyaran hanya ko ta ƙi, 'yan sandanta ne kuma za su zo idan an kira. Maƙwabtan da zai tarar a can galibi makiyaya ne da manoma masu ra'ayin mazan jiya. Misali, tun daga 2020 gundumomi fiye da 10 na gabashin Oregon suka kaɗa ƙuri'ar goyon bayan a tattauna komawarsu jihar Idaho, wasu daga cikinsu kuwa suna iyaka da gundumar da Bend take.

Akwai kuma wani abu mai kama da ba'a a cikin lamarin: manufofin da suka ƙawata garuruwan su ne suka sa fili ya yi wuya. A 1967 mutanen Boulder suka amince a ƙara musu harajin sayayya domin a sayi filayen da ke kewaye da garin a bar su ba gini, kuma yanzu filayen sun haura eka 45,000. A Oregon kuwa, dokar 1973 da gwamna Tom McCall ya sa wa hannu ta shata wa kowane gari iyakar faɗaɗa, kuma a yankin da aka keɓe wa noma ba a cika yarda a yanka fili ƙasa da eka 80 ba.

Ruwa

Eka ɗaya murabba'in mita 4,047 ce, wato kusan kashi 4 cikin 10 na hekta, amma a yammacin Amurka yawan eka ba ya faɗin darajar fili sai an ji labarin ruwansa. Dokar 1862 da shugaba Abraham Lincoln ya sa wa hannu ta ba duk wanda ya zauna shekara 5 a fili yana nomawa eka 160, ma'aunin da ya dace da gabas mai damina. A rahotonsa na 1878, masanin binciken ƙasa John Wesley Powell ya yi gargaɗin cewa a yankin da ruwan sama bai kai inci 20 ba noma ba ya yiwuwa sai da ban-ruwa, kuma makiyayi yana bukatar eka 2,560. Ba a saurare shi ba a lokacin.

Ƙa'idar da jihohin yamma suke bi ita ce wanda ya riga fara amfani da ruwa shi yake da haƙƙin farko. Rafi yana iya ratsa tsakiyar filin mutum amma ba shi da ikon ɗibar ko bokiti domin lambunsa, saboda wani manomi can ƙasa yana riƙe da haƙƙin da aka yi wa rajista tun ƙarni na 19. A Kolorado, mai eka 35 ko fiye yakan sami lasisin rijiyar burtsatse da zai shayar da dabbobi da lambun da bai wuce eka ɗaya ba, mai ƙaramin fili kuwa a wurare da yawa lasisin amfanin cikin gida kaɗai ake ba shi, ko doki ɗaya ba zai shayar da shi ba. Tara ruwan sama daga rufin gida ma sai a 2016 aka halatta wa jama'a, shi ma ganga 2 kacal, jimlar galan 110. Mazauna Rio Verde Foothills a Arizona, waɗanda suka dogara da ruwan da motocin tanki suke kawo musu, sun ga illar wannan dogaro a Janairun 2023, lokacin da birnin Scottsdale ya daina sayar musu.

A arewacin Niyu Meziko tsarin ya sha bamban. Can akwai tsofaffin magudanan ban-ruwa na gayya da ake kira acequia, kalmar da Sifaniyanci ya aro daga Larabci. Wanda ya sayi fili mai haƙƙi a magudanar ya zama ɗan ƙungiya ke nan: idan bazara ta zo zai fito da shebur a yashe ta tare, ko ya biya wanda zai yi masa, sannan ya jira ranar da shugaban magudanar ya yanka masa kafin ya ɗaga ƙyauren ruwa.

Gobarar daji da sauran sharuɗɗa

Gida a bakin daji shi ne burin mai ƙaura, shi ne kuma inda wuta take fara ci. A Satumban 2020 gobarar Almeda ta tashi daga Ashland ta cinye gidaje fiye da 2,000 a garuruwan Talent da Phoenix na Oregon. Gobarar Marshall kuwa a tsakiyar hunturu ta zo, ranar 30 ga Disamba 2021, iska mai gudun fiye da kilomita 160 a awa ta kora ta cikin busasshiyar ciyawa, ta ƙone gidaje sama da 1,000 a gundumar Boulder. Bayan irin waɗannan asarori kuɗin inshora ya tashi a yankuna da dama, kuma da yake banki ba ya ba da rancen gida sai da inshora, masu saye da suka san dawan garin sukan nemi farashinta kafin su sa hannu.

Sauran abubuwan da ake bincika sun haɗa da ko hanyar shiga filin tana rubuce a takardar mallaka, da ko ƙasar tana tsotse ruwa yadda za a yarda a haƙa sokawe, da nisan turken lantarki da asibiti. Ma'adinan ƙarƙashin ƙasa ma ba lallai su zama na mai fili ba, domin dokar 1916 da ta raba wa makiyaya eka 640 ta bar wa gwamnatin tarayya abin da ke ƙasa. A Kolorado kuma ba mai shanu ne yake da alhakin tsare su ba, mai lambu ne zai kewaye kayansa da shinge, in ba haka ba babu diyyar ɓarna. Saboda yawan ƙorafin baƙi, gundumar Larimer ta wallafa ɗan littafin gargaɗi da yake shaida wa sabon zuwa cewa titin da ya gani ba kwalta mai yiwuwa haka zai dawwama, maƙwabcinsa manomi kuma yana iya tayar da injin ɗaure ciyawa da tsakar dare.